Rage illar ƙwaya: taimakon ɗan'uwa ne ko ɗaure wa ɓarna gindi?

Dikko (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da aka faro jiya da dare ta ɓace cikin saƙonnin gaisuwa, shi ya sa na dawo da ita yau don a yi ta a natse. Akwai tsarin da ma'aikatan lafiya ke kira rage illa. Mutumin da shaye-shaye ya kama, bai kai ga dainawa ba, a taimaka mashi kada ya mutu, kada ya kwashi cuta, har Allah ya kawo ranar da zai bari. A ciki akwai ba masu yi wa kansu allura sirinji sabo, akwai maganin da likita ke bayarwa a madadin ƙwayar, akwai kuma maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta ɗauke wa numfashi. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gwada rabon sirinjin a 2020 a jihohi uku: Gombe, Oyo da Abiya. In aka ce za a kawo Katsina, mu karɓa ko mu ƙi? Don Allah ban da zagi, ban da kiran sunan ɗan kowa.

Baba Rabe:
Wa alaikumus salam. Dikko, ni ban ga abin muhawara a nan ba. Yaro na halaka kansa, kai kuma ka miƙa mashi kayan aiki? Mu da ke zaune cikin gari mun san abin da ƙauraye suka yi muna. Yaron da zai tare ka a lungu bayan isha'i da wuƙa saboda wayar da ba ta taka kara ta karya ba, ai ba cikin hayyacinsa yake ba, ya sha ya bugu. A kama dillalai, a sa ido a Jibiya da Kongolam, a hukunta mai sha. Shi ke nan.

Nas Murja:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kamun dillalai babu mai ja da shi, ni ma ina bayansa. Amma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, tun 1989 aka kafa ta, ana kamu, ana ƙona kaya gaban jama'a. Duk da haka binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya samu mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu cikin shekara guda, ban da giya da taba. Arewa maso Yamma kaɗai wajen miliyan 3. Ɗaya cikin huɗu mace ce. A ƙasar baki ɗaya kusan miliyan 3 sun riga sun kamu, ba sha'awa ke kai su ba, jiki ne ke nema. Wane gidan yari zai ɗauki wannan jama'a? Kuma kafin a gama toshe iyaka, yaron da zai sha tiramol ya ɗora diyazefam a kai daren yau numfashinsa ya tsaya, me za mu yi mashi?

Baba Rabe:
'Yata, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Maman Hanif:
Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Ba kowa ne ya je ya saya da kansa ba. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya mai sikila ne. Tun yana ƙarami in ciwon ya tashi sai ka ji kukansa daga zaure. Allurar fenta, wato fentazosin, aka riƙa yi mashi, don ita ce ke kwantar da ciwon. A hankali ya san sunanta, ya san inda ake sayarwa, ya koyi yi wa kansa. Ba mu farga ba sai da ya fara ɗingishi. Ranar da Inna ta matsa ya ɗage wando, cinyarsa ta yi tauri, ga gyambo biyu suna ruwa, ya naɗe da tsumman tsohuwar riga. Da muka ɗaga katifarsa sirinji ɗaya muka samu, lambobin jikinsa duk sun goge saboda yawan amfani, bakin allurar ya lanƙwashe. Da wannan ɗayan shi da abokinsa suke yi. Da aka auna jininsa aka samu ciwon hanta a kan sikilar da yake fama da ita. Yaro ne mai sallah, bai taɓa ɗaukar tsinken kowa ba. Wallahi da a lokacin akwai inda zai je a ba shi sabuwar allura, a wanke mashi gyambon ba tare da an tozarta shi ba, da mun san halin da yake ciki tun da wuri, da hantarsa ta tsira.

Lawal mai kemis:
Allah ya ba shi lafiya, Anti. Wannan magana ta masu sikila da fenta gaskiya ce, mu da ke bayan kanta muna gani.

Malam Sada:
Amin. Maman Hanif, Allah ya sa kaffara ce. Ni matsalata ba rashin tausayi ba ce. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 2 mu taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada mu taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. In na miƙa wa mutum sirinji alhali na san abin da zai zuba a ciki, a wane ɓangaren ayar na faɗa? Na biyu, wannan magani da ake cewa a ba shi a madadin ƙwaya, na ji an ce shi ma dangin ƙwayar ne. A Sahihu Muslim, da Ɗariƙ bin Suwaid ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da yin magani da giya, ce mashi aka yi ita ba magani ba ce, cuta ce. To a warware mani waɗannan biyun, ni mai sauraro ne.

Malama Hassatu:
Allah gafarta Malam, tambayoyin suna kan hanya. Ga abin da na fahimta, in na kauce a gyara mani. Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa in cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai ɗaya ta auku, a ɗauki mafi sauƙi don a kauce wa mafi girma. Mutumin nan zai yi allurar ko ka ba shi ko ba ka ba shi ba. Abin da ke hannunka kawai shi ne zai yi da mai tsabta ko da wadda ta bi jikin mutum uku. In ya kwaso ƙanjamau ko ciwon hanta, ba shi kaɗai ba ne. Matarsa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, da jaririn da ke cikinta, su ma sun shiga. Niyyar mai bayarwa kare wannan mata ce, ba daɗaɗa wa mai sha ba. Sannan Malam ya fi ni sanin yadda aka haramta giya daki-daki: Baƙara 219, sai Nisa'i 43, kafin Ma'ida 90. Nana A'isha ta ce da a ce farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da sun ce ba za mu bar giya ba har abada.

Malam Sada:
Malama, wancan lokacin saukar wahayi ne. Addini ya cika. Yau babu wanda ke da ikon ce wa mutum sha kaɗan-kaɗan halal ne har ka saba da bari.

Malama Hassatu:
Haka ne Malam, hukunci ya cika. Haramun ce yau, haramun ce gobe, ba mai taɓa wannan. Amma jikin ɗan Adam da aka bi wa a hankali a wancan lokacin, shi ne dai jikinsa yau. Ba hukuncin nake cewa a sassauta ba, jinyar nake cewa a bi a hankali. Ka tuna mutumin da aka yi ta kawowa ana yi mashi haddi saboda giya, wani ya tsine mashi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ta Bukhari ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. An yi mashi hukunci, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Mu kuwa korar yaron muke fara yi. Kuma tuba sai da rai, wanda aka kai maƙabarta ƙofarsa ta rufe.

Nas Murja:
Malam, bari in amsa ta biyun ta fuskar aikinmu. Gaskiya ne metadon da bufrenofin, wato magungunan da ake bayarwa a madadin ƙwayar, dangi ɗaya suke da kodin da tiramol da hodar hiroyin. Bambancin yana wajen yadda suke aiki. Ƙwayar titi tana hawa da sauri ta sauka da sauri, sai mutum ya yini tsakanin buguwa da ciwon rashinta, ba sana'a, ba iyali, tunaninsa kawai ina zai samo ta gaba. Metadon kuwa sha ake yi, sau ɗaya a rana, gaban ma'aikaci, da ma'aunin da likita ya yanke. In an daidaita ma'aunin ba ya bugarwa. Mutum zai yi alwala ya yi sallah ya san abin da yake karantawa, ya tafi kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin jerin magungunan da ba a rasa su tun 2005, kuma nazari da yawa sun nuna masu karɓarsu haɗarin mutuwarsu na raguwa da kusan rabi. Ai ko allurar barcin da muke yi kafin tiyata tana gusar da hankali gaba ɗaya, malamai ba su hana ba saboda lalura ce kuma a hannun likita take.

Malam Sada:
Wannan bayani ya shige ni. In har ba ya gusar da hankali kuma likita ne ke riƙe da shi, to ya fi kusa da babin magani. Maganar sirinji dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Mannir Daura:
Salamu alaikum. Ni daga Daura nake bin ku. Baba Rabe ya ce a hukunta mai sha, to mu mun ga inda wannan hanya take kaiwa in aka bar ta ba mai sa ido. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a nan garin suka fito da mutum 67, bayan wasu da yawa sun ɓalle sun gudu. Kwana kaɗan bayan haka aka buɗe wani a cikin Katsina, aka ce wajen mutum 500 ne a ciki. Kafin su an yi na Rigasa a Kaduna. Duk wanda ya ga hotunan ya ga sarƙa a ƙafafu da tabon bulala a baya. Abin da ya fi ci mini rai, iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har suna biyan kuɗi duk wata. Ba mugunta ce ta sa su ba, ba su da wani wurin ne. An rufe gidajen, to me aka buɗe a madadinsu? Wani maƙwabcinmu da ya fito daga irin wannan wuri, bai yi sati biyu a gida ba aka tsince shi a kango ba rai.

Nas Murja:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Mannir, wannan da ka faɗa na ƙarshe sananne ne a likitanci, kuma ina roƙon kowa a zauren nan ya riƙe shi. Mai shan tiramol ko kodin jikinsa na sabawa, sai ya riƙa ƙara yawa. In aka tsare shi wata biyu ko uku, sabon nan ya tafi. Ranar da ya fito ya sha daidai abin da ya saba sha a da, jikin ba zai iya ɗauka ba, sai numfashi ya tsaya. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga gidan yari ko wurin tsarewa suka fi kowane lokaci haɗari. Gaya wa yaro wannan gaskiyar kafin ya fito, shi ma rage illa ne, kuma ko sisi ba a kashewa.

Na biyu, masu shan diyazefam ko roci kullum na tsawon lokaci, in aka yanke masu rana ɗaya suna iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai. Ana rage masu ne sannu a hankali a hannun likita. Kulle irin wannan yaro a ɗaki a ce ya daina da ƙarfin tsiya ganganci ne.

Na uku, ranar da kuka samu mutum a sheme. Alamun su ne ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi na fita da ƙyar ko yana wani irin minshari, leɓe ya canza launi, baƙin tsakiyar idonsa ya ƙanƙance. Don Allah kada a ɗura mashi madara ko manja ko ruwan gishiri. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, huhu abin zai tafi. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi a gefensa, a ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Akwai magani mai suna naloksan da ke ture ƙwayar ya dawo da numfashi cikin mintuna kaɗan. Ba ya bugarwa, ba wanda zai sha shi don jin daɗi. Amma aikinsa minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar na iya dawowa bayan ya sake, kuma ba ya aiki a kan diyazefam ko sholisho, ba ya kuma hana jijjigar da tiramol ke kawowa. Don haka ko an yi shi, asibiti dole ne. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi hannun mutanen da abin zai iya faruwa a gabansu, wato iyali da abokai.

Malam Sada:
Wannan kam babu malamin da zai hana. Wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne, Ma'ida 32.

Abdu:
Jama'a ni ban cika magana a nan ba, amma yau zan yi. Na sha tiramol shekaru. Gidan bulo nake aiki lokacin, ana biyanmu bisa yawan abin da muka buga muka ɗora a mota. Wani abokin aiki ya ba ni rabin ƙwaya ya ce gajiya za ta tafi. Ta tafi kuwa. Daga rabi na koma ɗaya, daga ɗaya na koma ba na ƙirgawa, kuma mai lamba 225 nake sha. In ban sha ba da safe, hanci na zuba, gumi, zawo, ƙafafu kamar ana sara, ko sallar asuba ba na iya tsayuwa. An yi mani wa'azi, an yi mani duka, an yi mani rubutu na sha. Duk na san gaskiya suke faɗa, jikina ne ba ya ji. Wanda ya fara jawo ni wani ma'aikacin lafiya ne a unguwarmu. Bai ce mani ɗan ƙwaya ba. Ya ce Abdu, tunda ba ka iya bari yau, to kada ka haɗa da wani abu, kada ka sha kai kaɗai a ɗaki a kulle, kada ka hau babur in ka sha. Na yi mamaki, don shi ne mutum na farko da ya yi mani magana kamar ina da sauran amfani. Saboda haka na riƙa komawa wurinsa, har ranar da na ce mashi na gaji, ya raka ni wurin likitan ƙwaƙwalwa aka riƙa rage mani a hankali. Na koma sau ɗaya a tsakani, bai kore ni ba. Yanzu alhamdulillah ina da mata da ɗiya.

Maman Hanif:
Allahu Akbar. Allah ya ƙara tsare ka, ƙanena.

Baba Rabe:
Abdu, Allah ya yi maka albarka, ka yi namijin ƙoƙari da ka faɗi wannan gaban mutane. Amma kai ka so ka bari. Wanda bai so fa?

Abdu:
Baba, lokacin da mutumin nan ya fara yi mani magana ni ma ban so ba. Daga baya son ya zo.

Lawal mai kemis:
Tiramol da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Mai 225 da 250 duk ta bayan fage suke shigowa. Wani abin da na gani da idona: da gwamnati ta hana kodin na ruwa a watan Mayu 2018 bayan binciken BBC, kwalba ta yi tsada sosai, amma yaran ba su daina ba, wasu suka koma tiramol, wasu roci, wasu abin da ya fi muni. Tambayata ga Nas ita ce, sirinji ai ba tsada gare shi ba, kowane kemis akwai. Me ya sa sai an raba kyauta? Ni kaina in na ga yaro da alamar shaye-shaye ya zo saye, korarsa nake yi.

Nas Murja:
Yaya Lawal, ka amsa da kanka. Ka kore shi, na gaba ya kore shi, sai ya koma ga tsohon da ke ƙarƙashin katifa ko na abokinsa. Korar ba ta hana allurar ba. Kuma shirin ba miƙa sirinji kawai ba ne a juya baya. Ana karɓar tsofaffin a ƙona, maimakon a watsar a bola inda yara masu jari-bola ke tonawa da hannu. Ana auna jini, ana wanke gyambo, ana yi masu rigakafin ciwon hanta inda akwai, wanda ya shirya a kai shi jinya. Sirinjin shi ne dalilin da zai sa mutumin da ke ɓuya ya fito. Binciken 2018 ya ƙiyasta masu yi wa kansu allura 80,000 a Najeriya, kuma wajen 9 cikin 100 na ɗauke da ƙanjamau, alhali a sauran jama'a bai kai 2 cikin 100 ba. Amma in faɗi gaskiya, a Katsina masu haɗiya sun fi masu allura yawa nesa ba kusa ba. Da ni za a tambaya, naloksan da wayar da kan iyaye da wurin jinya mai mutunci zan sa gaba, sirinji ya biyo baya ga waɗanda ke buƙata.

Injiniya Kabir:
Ni tsorona kada mu kwaso abin Turawa ido rufe. Jihar Oregon a Amurka ta cire hukunci kan riƙe ƙwaya kaɗan bayan ƙuri'ar 2020, abin ya dame masu, a 2024 suka dawo da hukuncin. Su da ke da kuɗi ke nan.

Lauya Bishir:
Injiniya, abu biyu ne kada mu cakuɗa. Cire hukunci daban, rage illa daban. Ana iya yin na biyu doka na nan daram. Oregon sun cire hukunci kafin wuraren jinya su tsaya da ƙafafunsu. Fotugal da ta yi nata a 2001 ba ta halatta ƙwaya ba, mai ɗan abin shansa kwamiti ake tura shi maimakon kotu, dillali kuwa gidan yari, kuma sun zuba kuɗi a jinya. Sannan ba abin Turawa kaɗai ba ne. Malesiya ta fara metadon a 2005, rabon sirinji a 2006, har wani masallaci a Kuala Lumpur ya ba da wuri ana bayar da maganin. A da yawancin sababbin masu ƙanjamau a ƙasar ta hanyar allura suke kamuwa, yanzu kaso kaɗan ne. Iran ta daɗe tana yi. Tanzaniya ta fara a asibitin Muhimbili a 2011. Senegal, Malikawa irinmu, sun buɗe cibiya a asibitin Fann da ke Dakar a ƙarshen 2014.

A nan gida matsalar ita ce dokokinmu na karo da juna. Babban tsarin yaƙi da ƙwaya na ƙasa na 2021 zuwa 2025 ya amince da rage illa. Amma dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da laifin riƙewa ko sha. To yaron da abokinsa ya sheme a gabansa, zai ɗauke shi zuwa asibiti ko zai gudu? Gudu yake yi, don yana tsoron a riƙe shi. Ghana a 2020 ta mayar da hukuncin mai ɗan abin shansa tara. Ko ba mu kai can ba, a ƙalla a tabbatar wa mutane cewa wanda ya kawo mara lafiya ba za a kama shi ba. Kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200.

Injiniya Kabir:
To ai nan gizo ke saƙar. In babu likitoci, wa zai riƙe metadon ɗin? Kada a kawo shi ya ɓulla a kasuwa.

Nas Murja:
Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma metadon in ya fita hannun ma'aikata yana kisa. Shi ya sa ake shan sa a gaban ma'aikaci, a rubuce, a ƙirge. In ba za a iya tsare shi haka ba, gara kada a fara.

Malama Hassatu:
Kada a manta da mata. Namiji ko banza ana ganinsa a kango a san halin da yake ciki. Matar aure a ɗaki take sha, a cikin robar lemo, ba mai sani sai ta kwanta. In asirinta ya tonu saki ne, a ƙwace 'ya'ya. Saboda haka ba za ta taɓa zuwa inda aka kafa allo an rubuta masu shaye-shaye ba. In za a yi wani abu, a sa shi cikin asibitin mata da wurin awo, inda shigarta ba zai zama abin magana ba.

Baba Rabe:
Na karanta duka. Maganin farfaɗowa na yarda, jinya a hannun likita na yarda, sarƙa kuma ban taɓa goyon bayanta ba. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: wanda ya sha ya sari mutum ko ya yi ƙwace, kada a ce mani mara lafiya ne a sake shi. Wanda aka sara shi ma ɗan wani ne.

Lauya Bishir:
Baba, a kan wannan babu saɓani. Sara da ƙwace laifi ne ko an sha ko ba a sha ba.

Malam Sada:
Ni matsayina: naloksan na karɓa, maganin likita na karɓa da sharaɗin da Nas ta faɗa. Sirinji ina so in zauna da manyanmu tukuna, a kawo masu bayanin abin da aka gani a Gombe, su duba. Ba zan hau mumbari in halatta ba, ba kuma zan hau in tsine wa masu yi ba.

Dikko (mai kula da zaure):
Jama'a, wata uwa da ke cikin zauren nan ta turo mani saƙo ta gefe, ta ce kada in faɗi sunanta. Ɗanta na shan diyazefam da tiramol kullum, ya fi shekara. Uban ya gama shiri ranar Asabar zai kai shi wani wuri a ƙauye a kulle shi. Ta karanta abin da Nas ta rubuta, hankalinta ya tashi, kuma ba ta iya tunkarar maigidan. Tana tambaya me za ta yi.

Nas Murja:
Ka gaya mata kada a yanke mashi rana ɗaya, kuma kada a kai shi inda babu likita. A fara kai shi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a babban asibiti, a gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa, in da hali a tafi da fankon ƙwayoyin. In sun ga sai an kwantar da shi za su tura su inda ya dace, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da na Kware a Sakkwato, akwai Dawanau a Kano. Kafin nan kada a bar shi ya kwana shi kaɗai da ƙofa a kulle. Ka ba ta lambata, ta kira ni ko da tsakar dare ne.

Malam Sada:
Dikko, uban yana jin maganar malamai?

Dikko (mai kula da zaure):
Ta ce yana ji sosai, Malam. Yana dawowa daga kasuwa bayan magariba.

Malam Sada:
To ka karɓo mani kwatancen gidan ta gefe, in sha Allahu zan same shi bayan isha'i. Murja, ki rubuto mani bayanin jijjigar nan a taƙaice yadda zan iya maimaita mashi. Abdu, in ba ka da uzuri ka zo mu tafi tare, ni in ji da uban, kai ka zauna da yaron.

Abdu:
Ina nan tafe, Malam.